Wa A Ke Sa Wa Rigar Dodo? Sinimar Ban Tsoro Ta Farko A Ƙasar Finlan

Jama'ar kwalejinmu, malamai da 'yan'uwana ɗalibai, ina so in ja hankalinku zuwa wata ƙasa mai nisa a arewacin Turai, sunanta Finlan, mu duba wasannin sinima na ban tsoro da mutanenta suka fara yi kimanin shekara ɗari da suka wuce, tun hoton sinima bai koyi magana ba. Watakila wani ya ce, ina ruwan mai koyon aikin malanta da wannan? Ga dalilina. A darasin hanyoyin koyarwa kullum ana gaya mana gani ya kori ji, yaro ya fi riƙe abin da idonsa ya gani bisa abin da kunnensa ya ji. To, in hoto yana da wannan ƙarfi wajen dasa gaskiya, lalle yana da shi wajen dasa ƙarya kuma. Wasan ban tsoro kuwa ba ya yiwuwa sai da dodo, kuma tilas a sami wanda za a sa wa rigar. In ka ga wanda wata al'umma ta zaɓa ta sa wa rigar nan, ka san wanda ta ɗauka bare ne a cikin gidanta.

Ƙasar da mutanenta

Finlan tana tsakanin Suwidin daga yamma, Norwe daga arewa, da Rasha daga gabas. Ƙasa ce ta kurmi da tafkuna da sanyi mai tsanani. A can ƙarshen arewacinta, cikin hunturu, rana ta kan yi fiye da kwana 50 ba ta fito ba. Sarakunan Suwidin sun mallake ta wajen shekara 600, har 1809, sa'an nan ta koma hannun Sarkin Rasha. Ran 6 ga Disamba, 1917, ta sami mulkin kanta, amma cikin 1918 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin 'yan ƙasa. Sabo da haka sa'ad da a ke yin wasannin da zan ambata, ƙasar jaririya ce, tana neman ta san fuskarta.

Mutanenta a lokacin sun ɗara miliyan 3 kaɗan, kuma ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawa masu jin Financi ne. Wajen 11 cikin 100 harshensu Suwidanci ne, da yawansu masunta da manoma na bakin teku, amma a cikinsu ne kuma a ke samun yawancin tsofaffin gidajen sarauta. Dokar ƙasa ta 1919 ta mai da harsunan nan biyu harsunan hukuma. Ban da su akwai mutanen Sami a arewa, a yankin da a ke kira Laplan, waɗanda suka daɗe a wurin tun kafin manoma su iso. Suna kamun kifi da farauta, suna kiwon wata irin barewa mai ƙaho kamar rassan itace, wadda ta ke ba su nama da fata, ta ke kuma jan kekensu a kan ƙanƙara. Akwai Romani, masu yawo da dawaki, waɗanda suka shigo ƙasar tun cikin ƙarni na 16. Akwai kuma Rashawa, da Yahudawa kaɗan waɗanda ba su sami cikakken 'yancin ɗan ƙasa ba sai 1918, da Tatar Musulmi 'yan kasuwa da suka zo daga Rasha.

Yadda hoto marar magana ya ke aiki

An fara nuna sinima a Helsinki, babban birnin ƙasar, cikin Yuni 1896, wata shida kawai bayan 'yan'uwan nan Lumière sun fara nuna ta ga jama'a a Faris. Wasan farko mai labari da aka yi a Finlan ya fito cikin 1907, gajere ne, a kan masu dafa barasa a ɓoye. Louis Sparre da Teuvo Puro suka shirya shi, amma ya ɓace. Haka yawancin wasannin farko suka salwanta, gama zaren hoto na zamanin yana ruɓewa, yana kuma kama wuta da sauƙi, kuma ba a kafa ma'ajiyar sinima ta ƙasa ba sai 1957. Cikin 1919 aka kafa kamfanin da daga baya aka sani da Suomi-Filmi, Erkki Karu ya shugabance shi, shi ne kuwa babban kamfanin sinima na ƙasar cikin shekarun 1920.

Tun da ba murya, mai kallo ya dogara ga abu uku. Na fari, fuska da tufafi da motsin ɗan wasa. Na biyu, kiɗa, gama a kan ajiye mai piyano ko 'yan kiɗa a gaban allo suna bin labarin. Na uku, rubutu da a kan saka tsakanin hotuna don a faɗi abin da mutum ya ce. Dattawanmu da suka ga majigi na zamanin Turawa sun san irin wannan, sai dai a nan mai bayani ne ya kan tsaya yana fassara da baki. A Finlan rubutun nan ya kan fito da harshe biyu, Financi da Suwidanci. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Don su tsorata mutane, masu ɗaukar hoto sun yi aiki da inuwa da duhu. Suna da wata dabara kuma ta yin fatalwa: a ɗauki hoton ɗaki, a mai da zaren baya, a sāke ɗaukar mutum a kan wannan zaren, sai ya fito kamar hayaƙi, ana ganin bango ta cikin jikinsa. Maƙwabtansu sun riga su a wannan fage. Jamus ta yi Caligari cikin 1920 da Nosferatu cikin 1922, Suwidin kuwa ta yi Körkarlen cikin 1921, wanda ya yi suna sabo da fatalwowinsa.

Abin lura shi ne, hoto marar magana ba shi da lokacin dogon bayani. Dole mai kallo ya gane mugu da kallo ɗaya. Don haka mai shirya wasa ya kan nemi alama mai sauƙi, baƙuwar riga, ko baƙuwar fuska, ko wata nakasa. Nan ne hatsarin ya ke, gama alamar da ta fi sauƙi ita ce wadda mutane suka riga suka ɗora wa maƙwabcinsu.

Wasanni uku

Na farko shi ne Rautakylän vanha parooni, watau Tsohon Basaraken Rautakylä, na 1923. Carl Fager ya shirya shi daga labarin Zachris Topelius, marubucin Finlan wanda ya yi rubutunsa da Suwidanci cikin ƙarni na 19. Labarin wani tsohon basarake ne a wani tsohon gida mai duhu, wanda abin da ya shuka cikin ƙuruciyarsa, zamanin Sarki Gustav na Uku, ya biyo shi cikin tsufansa. Abin tsoro a nan yana cikin gidan manya ne, masu mulkin jiya.

Na biyu shi ne Meren kasvojen edessä, watau A Gaban Fuskar Teku, na 1926. Teuvo Puro ya shirya shi daga littafin Arvid Mörne, shi ma marubucin Suwidanci ne. Wani saurayi baƙo ya je wani tsibiri na masunta, ya tarar mutanen wurin suna ɓoye wani asiri game da jirgin ruwa da ya fashe a gaɓarsu. Abin tsoro a nan yana wurin talakawan da ke zaune nesa da birni.

Na uku, wanda ya fi su suna, shi ne Noidan kirot na 1927, na kamfanin Suomi-Filmi. Puro ne kuma ya shirya shi, daga littafin Väinö Kataja na 1914. Masana da yawa suna lissafa shi wasan ban tsoro na farko a ƙasar, ko da ya ke waɗansu suna ba na 1923 wannan matsayi. Ga labarin a taƙaice. Wani manomi, Simo, ya kawo amaryarsa Selma gidansu a wani wuri da a ke kira Utuniemi, a Laplan. A wurin ne, tun zamanin da, aka kashe wani bokan Sami mai suna Jantukka, shi kuwa ya yi wa wurin baki kafin ya cika. Simo yana da 'yar'uwa makauniya. Daga baya wani mugun mutum ya yi wa Selma fyaɗe, baƙin ciki ya shiga gidan, inuwar bakin boka kuma tana bisa kansu.

In ka jera ukun nan za ka ga abu ɗaya. Ba wanda ya ajiye abin tsoro a titin Helsinki, inda masu sayen tikiti su ke zaune. Kullum yana can gefe, ko a tsohon gidan sarauta, ko a tsibiri, ko a arewa mai ƙanƙara. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Boka ne ko maye?

Mu Hausawa muna da sa'a a nan, gama harshenmu ya raba boka da maye. Boka shi ne wanda a ke zuwa wurinsa neman magani. Maye shi ne wanda a ke gudu. A wurin mutanen Sami na da, akwai mutumin da su ke kira noaidi. Shi ne mai warkar da marasa lafiya, mai neman dabbar da ta ɓace, mai tsayawa tsakanin jama'a da abin da ba a gani. Yana da ganga mai zane-zane a fatarta, ya kan ɗora wani ɗan ƙarfe ko ƙashi a kai, ya buga da sandar ƙaho, ya duba inda abin ya tsaya. A Financi akwai kalma 'yar'uwar wannan, noita, amma da tafiya ta yi tafiya ma'anarta ta karkata zuwa maita. Ita ce kalmar da ke cikin sunan wasan. Watau mutumin da danginsa suka sani boka, mai kallo a birni ya karanta shi maye tun daga ƙofar gidan sinima.

Akwai tarihi na gaske a bayan labarin nan. Cikin 1673 Sarkin Suwidin ya yi shela cewa duk manomin da ya je ya zauna a Laplan an ɗauke masa haraji na shekara 15, ba za a kuma ɗauke shi soja ba. Manoma suka yi ta haurawa arewa, suna sāre kurmi suna ƙonewa a wuraren farautar Sami. A ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, hukuma da limaman cocin gwamnati suka bi suna ƙwace gangunan noaidi, aka ƙone da yawa. Waɗanda suka tsira ba su fi kimanin 70 ba, yawancinsu a gidajen ajiye kayan tarihi. Cikin 1693 an ƙone wani mutumin Sami, Lars Nilsson, a Arjeplog ta ƙasar Suwidin, don ya ƙi barin addinin kakanninsa.

Don adalci, sai mu yaba wa wasan Puro a kan abu biyu. Bai ɓoye cewa an zub da jinin bokan ba, kuma mugun aikin da ya faru a idon mai kallo, watau fyaɗen, ɗan Adam mai rai ne ya aikata, ba fatalwa ba. Mai kallo mai hankali ya iya fita yana cewa, ashe gonar nan a kan alhaki aka kafa ta. Amma duk da haka ku duba rabon da aka yi. Simo da Selma suna da gida, da soyayya, da hawaye, muna tausayinsu. Jantukka kuwa abin da a ke tuna shi da shi baki ne kawai. Labarin na manoma ne, shi kuwa an kawo shi don ya ba su tsoro. Rubutun da ke fitowa a allo da Financi ne da Suwidanci, ba harshen Sami. Marubucin littafin da mai shirya wasan da manyan 'yan wasan, irin su Einar Rinne wanda ya fito a Simo, duk ba Sami ba ne. An yi maganar mutane a bayan idonsu.

Mata da nakasassu

Finlan ta ba mata ikon jefa ƙuri'a tun 1906, ita ce ta fara a Turai. Amma a wasan nan mace ita ce mai ɗaukar wahala. Maza suka yi kisa, namiji ya yi baki, namiji ya yi fyaɗe, Selma ce ta sha. Ba a sami mace ta shirya dogon wasan sinima a ƙasar ba sai 1936, sa'ad da Glory Leppänen ta yi nata.

Batun makauniyar nan kuwa ya shafe mu kai tsaye. Sa'ad da aka sa makanta a cikin labarin gidan da aka yi wa baki, abin da mai kallo zai ɗauka shi ne nakasa hukunci ce. Wanda ya girma da wannan tunani, ran da aka kawo masa yaro makaho ko gurgu a aji, zai dube shi da tsoro ko da ƙyama, alhali yaron ilmi ya zo nema kamar kowa.

Su wa ke bayan na'ura?

Abin mamaki, masu yin sinimar kansu gauraye su ke. Louis Sparre ɗan Suwidin ne. Mauritz Stiller, wanda ya fito da shahararriyar 'yar wasan nan Greta Garbo, an haife shi a Helsinki cikin 1883 a gidan Yahudawa, amma ya gudu Suwidin don kada a sa shi sojan Rasha, can ya yi aikinsa. Cikin 1929 waɗansu samari biyu, Valentin Vaala, wanda sunansa na asali Ivanoff, da Theodor Tugai, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Latbiya, suka yi wasanni biyu a kan Romani. Ba na ban tsoro ba ne, amma hanyar ɗaya ce. Tugai, wanda ba Romani ba ne, ya sa tufafinsu ya fito a matsayin kyakkyawan saurayi mai sace zukatan mata. Sunan ɗaya daga wasannin, Mustalaishurmaaja, yana ɗauke da kalmar da a ke kiran Romani da ita, wadda tushenta musta ne, watau baƙi. Wannan ya koya mana cewa yawan ƙabilu a wurin aiki bai isa ba, in dai wanda a ke ba da labarinsa ba ya cikin masu yanke shawara.

Abin da ya biyo baya

An fara yin sinima mai magana a Finlan cikin 1931, amma hoton Laplan a matsayin ƙasar tsafi bai mutu ba. Cikin 1952 Erik Blomberg ya yi Valkoinen peura, watau Farar Barewa, labarin wata amarya, Pirita, da ta je wurin boka neman maganin farin jini, ta koma rikiɗa farar barewa tana hallaka maza. Wasan yana da kyaun gani ƙwarai, ya ci kyauta a bikin sinima na Cannes cikin 1953. Amma Mirjami Kuosmanen da ta fito a Pirita ba Sami ba ce. A shekarun nan kuwa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ana kai 'ya'yan Sami makarantun kwana inda karatu da Financi ne, da yawansu suka tashi suna jin kunyar harshen iyayensu. Kun ga, makaranta da sinima sun ja igiya ɗaya.

Sauyi ya zo sa'ad da masu abu suka karɓi na'ura da hannunsu. Cikin 1987 Nils Gaup, mutumin Sami na Norwe, ya yi Ofelaš, dogon wasa na farko da harshen Sami, har ya shiga jerin masu neman kyautar Oscar. A cikinsa noaidi dattijo ne mai hikima, mai tsaron jama'arsa. Cikin 1995 dokar Finlan ta amince Sami 'yan asalin ƙasa ne masu ikon riƙe harshensu da al'adarsu, cikin 1996 majalisarsu ta fara aiki a Inari. Cikin 2021 gwamnati ta kafa hukumar bin gaskiya da sulhu don ta binciki abin da aka yi musu. Cikin 2023 Katja Gauriloff ta yi Je'vida, dogon wasa na farko da harshen Skolt, ɗaya daga harsunan Sami uku na Finlan, a kan wata mace da makaranta ta raba ta da harshenta. Sami na Finlan wajen mutum 10,000 ne. Gaskiyar masu iya magana, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abin da ya rage gare mu

Ban ce a daina kallon tsofaffin wasannin nan ba. Masu yin su sun yi aiki da ƙwazo, da kaya kaɗan, cikin sanyi mai tsanani, kuma su shaida ne na yadda zamaninsu ya yi tunani. Abin da na ke roƙo shi ne mu koyi kallo da ido biyu, mu kuma koya wa yara haka. Duk hoton da za mu kai aji, ko na littafi, ko na allo, ko wasan kwaikwayo na ƙarshen zango, ya kamata mu yi masa tambaya uku. Wa ya ba da labarin nan? Wa aka ba suna da iyali da bakin magana, wa kuma aka bari da riga kawai? In ɗan wanda aka sa wa rigar dodo yana zaune a benci na gaba, zai fita aji da kansa a ɗage ko a sunkuye?

Tambaya ta ukun nan ita ce mai nauyi, gama ajin da za a ba kowannenmu ba zai rasa irin wannan yaro ba. Zai zama ɗan ƙaramar ƙabila ne, ko baƙo, ko mai nakasa, ko wanda a ke raɗa cewa gidansu da maita. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Abin da muka nuna wa yara game da shi, da shi za su girma, su kuma koya wa nasu 'ya'yan. Ina fata 'yan'uwa za su ɗauki tambayoyin nan su gwada a lokacin koyarwar gwaji mai zuwa, wanda ya ga wani abin lura kuwa ya rubuto wa wannan shafi domin mu ƙaru da juna.